Dorinar Da Na Kashe Da Almakashi

Daga Gaya har inda kogin Isa ya shige ƙasar da Ingilishi ke mulki, babu namijin da ya taɓa yin abin da na yi. Ni ne na kashe dorina da almakashi, da rana tsaka, a gaban dattawan Sarkawa masunta, ban jiƙa ko ɗan yatsa ba. To amma tun da na ɗauki alkawarin faɗa muku gaskiya, ku 'ya'yana, bari in ƙara da cewa almakashin na aro ne daga wajen telan bakin kasuwa, dorinar kuwa ba ta kai farcen babban yatsana ba. Duk da haka dorina ce, kuma saura kaɗan ta cinye kakanku da ransa. Na ji har yau yaran lakwal, wato makarantar boko, suna yi muku kukan kaza in kun yi faɗa, kuna dawowa gida da hawaye ba ku san mafarin abin ba. Ga mafarinsa.

A shekarar ina sabon ango, uwarku Hamsa ba ta daɗe da tarewa ba. Mahaifinta shi ne Sarkin Ruwa na masuntan Gaya, kuma a hannunsa zagon kakanni yake, wato mashin nan mai igiya da ake farautar dorina da shi. In dorina ta addabi fadamun shinkafa, duk jiragen da za su fita, babu mai jifa sai shi ya fara. Dokar zagon ɗaya ce: wanda ya taɓa juya wa naman ruwa baya, ba ya sake riƙe shi, kuma zagon ba ya komawa gidansa. Ni kuwa manomin gero ne daga Bana, ko ƙorama sai na yi addu'a nake ƙetarewa. Tsakanina da surukina kunya ce irin ta da. In na hango shi a hanya sai in sauka gefe in tuɓe takalmi in durƙusa, in gai da ƙasa, shi kuma ya amsa wa iska. Wallahi na fi sanin yatsun ƙafarsa da fuskarsa.

Aikina a lokacin yana wajen wani Nasara da muke kira Mai Ido Uku, saboda akwatin ɗaukar hoton da ba ya rabuwa da shi. Yana yawo da kamiyo, wato babbar motar kaya, gari gari yana nuna silima. Ya ɗauke ni ne don abu biyu, hannu da baki. Injin nasa da hannu ake juya shi kamar mai murza igiya, hotunan kuma ba sa magana, sai an sami mai yi musu. Ni da aka ce tun ina goye nake katse wa manya hira, sai ga aikin da ake ba ni wandon kaki don in yi surutu. In zaren hoton ya tsinke, ni ke kankare bakinsa in shafa wani ruwa mai warin tsiya in liƙe. Wata rana a Yelu na liƙe shi a juye, wani mai ƙiba ya fito daga rijiya tun bai faɗa ba, mutanen garin suka ce lalle Nasara sun gama da duniya. Tun daga ranar na fara zargin cewa abin nan ba ya faɗin abin da ya faru, abin da aka jera masa yake faɗi.

Shekara guda kafin in fara aikin, Mai Ido Uku ya yi kwanaki a bakin ruwan Gaya yana ɗaukar mutane, ya tafi da hotunan ƙasarsu aka gyara, ya dawo da su cikin gwangwani. Ban taɓa ganin wannan zaren ba sai ranar da za a nuna shi. Aka shafe bangon mangaza, wato ɗakin ajiyar gishiri na kasuwa, da farar ƙasa, bayan magariba gari ya taru, har da mutanen ƙetare da suka shigo da jirage. Aka shimfiɗa wa Sarkawa tabarmi a gaba. Muka fara da hoton kasuwar Gaya, kowa na nuna kansa yana ihu, wata kaza ta leƙo ta cika bangon tana kallon jama'a da ido ɗaya, na ce ga mai karɓar haraji ta iso. Dariya har da masu faɗuwa. Sai aka ɗora wani gajeren hoto na ban dariya.

Ga yadda yake, don ku gane abin da ya biyo baya. Da farko an nuna kogi daga nesa, jirgi ɗaya a bakin yashi, wani dogon mutum a tsaye da zago, ya yi ƙanƙanta kamar tururuwa. Sai aka matso, ya buga ƙirji ya ɗaga zagon sama, akwatin yana kallonsa daga ƙasa, ya zama kamar bishiyar kuka. Daga nan sai dorina ta ɓullo ta buɗe baki, bakin ya cinye bangon mangaza gaba ɗaya, matan da ke gaba suka ja da baya. Sai fuska. Fuskar surukina ce, girman rumbu, idanu waje, baki a sake, gemu na rawa. Mutumin da ban taɓa kallo sama da gwiwa ba, ga shi ina ƙirga gashin hancinsa. Sai dorina kuma. Sai wasu ƙafafu kaɗai suna feƙa gudu a kan yashi da saurin da ɗan Adam bai taɓa yi ba. Na ƙarshe, zago yashe a ƙasa, babu kowa.

Kasuwa ta kece da dariya. A karo na farko tun da aka haife ni bakina ya mutu, hannuna ne kawai ya ci gaba da juyawa don bai san kunya ba. A tabarmin Sarkawa babu wanda ya yi ko murmushi. Surukina ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Kafin rana ta yi tsaka washegari, Bawa, ɗan wan surukina, wanda ya daɗe yana kallon zagon nan kamar yadda mayunwaci ke kallon tukunya, ya zaga gidajen dattawa. Maganarsa gajeriya ce: gari duka ya gani. Dattawa suka kira surukina. Ya ce shi bai taɓa haɗuwa da waccan dorinar ba. Aka ce to me ya gani ya yi wannan fuska? Ya ce Nasaran ne ya tsaya gabansa, ya sa hannu a baki ya zare haƙoransa duka, na sama da na ƙasa, ya riƙe su a tafin hannu suna yi masa dariya. Da wannan magana ta fita waje, abin ya ƙara lalacewa, domin a lokacin babu wanda ya san ana ƙera haƙora. Aka ce tsoro ya taɓa masa kai. Dattawa suka yanke cewa bayan sallar Juma'a za a karɓi zagon.

A gida kuwa, uwarku ta ajiye mini tuwo ba miya. Na ce ko miyar tana tafe ne? Ba ta dube ni ba, ta ce:

"Ka ce wa hannun da ya juya injin ya kaɗa maka."

Na ce ai ni juyawa kawai na yi. Ta ce haka mai riƙe akuya yake cewa shi bai yanka ba. Sannan ta zauna bakin gado ta faɗi abin da ya hana ni cin ko tuwon:

"Illa, kai kana cikin cikin abin nan kullum. Idan ƙarya yake yi, kai kaɗai ka san inda yake ɓoye ta. Ubana ba zai rayu damina ɗaya ba in zagon nan ya bar ɗakinsa."

Na je wajen Mai Ido Uku, na iske zazzaɓi ya kwantar da shi, haƙoran nasa kuwa ga su cikin kofin ruwa a gefen gado. Na gai da shi na gai da su. Na yi masa bayani da ɗan Faransancin da na tsinta. Ya ce wasa ne kawai, a ƙasarsu an yi dariya sosai, kada in kuskura in taɓa masa gwangwani. Na roƙi aron haƙoran, ya jefe ni da takalmi. Da na fito na zauna ƙarƙashin kamiyo na auna. Ga wandon kaki, ga shinkafa kullum, ga suna, har a Dosso ana cewa Illa Silima ya iso. Ga kuma tuwo ba miya har ƙarshen rayuwa. Na buɗe gwangwanin, na ɗaga zaren ga rana, na bi shi taƙi taƙi. Kafin la'asar na tafi wajen tela aron almakashi.

Ran Juma'a da hantsi na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, na ce kafin su karɓi zago su sake kallon shaidarsu sau ɗaya, a hankali. Babbansu, wani tsoho da ake kira Baba Maigari, ya ce ba zai ƙi ba, don ranar farko ma hayaniya ba ta bar shi ya gani da kyau ba. Na jawo waya daga batir ɗin kamiyo zuwa cikin mangaza, na toshe ƙofa da taga da tabarmi. Zafin da ke ciki, da ka ajiye ɗanyen kifi sai ka ɗauke shi gasasshe, ga gishiri buhu buhu, ko ba komai da ɗanɗanonmu za mu mutu. Surukina ya zauna can baya shi kaɗai. Bawa ya zauna gaba, ya riga ya sa rigar sallah.

Na fara juyawa a hankali, kamar mai tuƙa tuwon biki. Da aka zo inda surukina ke tsaye, na ce kada su kalle shi, su kalli ruwan da ke bayansa. Da dorina ta fito, na ce su bar bakinta su kalli nata ruwan. Ku sani, Basarke yana iya manta sunan ɗansa, amma ba ya manta ruwa. Sai na ji gyaran murya a duhu. Wani ya ce ruwan farko na bazara ne, ga yashi a fili. Wani ya ce na dorinar kuwa cikar kogi ce ta lokacin sanyi, dubi yadda ciyawar burgu ta nutse. Na uku ya ce wannan dutsen ma ba na Gaya ba ne, na can sama ne inda kogi ke lanƙwasa, ya taɓa fasa jirgi a kansa. Baba Maigari ya ce:

"To ta yaya mutum yana bazara zai ga dorinar da ke cikin sanyi?"

Na ce ranka ya daɗe, ba su taɓa haɗuwa ba. A bango ne kawai aka ɗaura musu aure. Ku lura, duk tsawon hoton babu wuri ɗaya da aka nuna shi da ita tare. A nuna shi, a nuna ta, a nuna shi, a nuna ta, sai idonku da kansa ya gina gadar da ke tsakani.

Bawa ya ce duk wannan surutu ne, gudun fa? Na ce madalla, ga gudu. Na rage hannu har zaren yana tafiya kamar jaki da kaya. Sai gudun nan da ya kashe gari da dariya ya zama ɗan sassarfa, irin na wanda aka kira cin tuwo yana so kada a ce ya yi sauri. Na ce saurin ba a ƙafa yake ba, a hannun mai juyawa yake, in na ga dama sai in sa hawainiya ta tsere wa doki. Sannan na ce su tambayi kansu me ya sa aka nuna ƙafa ba a nuna mai ita ba. Suka matso. A ƙwaurin hagu ga wani tabon kurkunu, faffaɗa, mai kama da ganyen kuka. Duk wanda ya taɓa wanka a bakin ruwan Gaya ya san wannan tabo. Na ji rigar sallah tana motsi, Bawa yana ƙoƙarin jan ta ƙasa. Aka ɗaga tabarmar taga kaɗan, haske ya sauka daidai kan ƙwaurinsa. Ya ce shi Nasara ya ba shi sukari ya ce ya ɗan ruga daga nan zuwa can, ina ya san abin da za a yi da ƙafarsa? Wani dattijo ya ce ai ko don sukari gudu gudu ne.

Na ɗauka an gama, amma Baba Maigari ba a banza ya tsufa ba. Ya ce ruwa ya gane, ƙafa ya gane, saura fuska. Ya ce shi ya binne mazaje da yawa, ya san fuskar tsoro, kuma waccan ita ce. Mutum ba ya yin ta sai ya ga mutuwa.

A nan na zaro almakashi. Na ja zaren waje a gabansu, na ce ga dorinarku, na datse ta gaba da baya, ƙat, ƙat. Na miƙa masa ita a tafin hannu. Ya ɗaga ta wajen ɗan hasken taga ya daɗe yana kallo, ya ce ashe ma 'yar ƙarama ce. Ta bi hannu hannu, kowa na juya ta yana tsaki. Ni kuwa na ɗauko zaren kasuwa, na yanko kazar nan mai ido ɗaya, na liƙa ta a gurbin dorina. Na nemi gafarar surukina ta hanyar gaya wa bango cewa abin da zan yi dole ce ta sa. Na juya. Ga Sarkin Ruwa ya buga ƙirji. Ga kaza ta leƙo. Ga fuska, idanu waje, gemu na rawa. Ga kaza kuma. Ga gudu.

Ban taɓa jin tsofaffi sun yi irin wannan dariyar ba. Wani ya faɗa kan buhun gishiri, wani yana roƙon a buɗe ƙofa zai mutu. Kafin su farfaɗo na cire kazar na sa ƙwaryar fura daga rumfar wata mai talla, na sake juyawa. Fuskar nan dai ita ce, ko gashi ɗaya ban taɓa mata ba, amma yanzu duk wanda ya gan ta sai ya rantse mutumin ya kwana uku bai ci ba, bakin da ya sake don tsoro ya koma na kwaɗayi. Dariyar ta tsaya a hankali. Baba Maigari ya share hawaye ya ce:

"Ashe fuskar ba ta san komai ba. Abin da aka zaunar kusa da ita shi ke gaya mana abin da take ji."

Na yi shekaru ina juya inji, ban iya faɗinsa da kyau haka ba, kuma har yau ina jin haushin ba daga bakina ya fito ba. Abin da nake so ku riƙe ke nan in kun shiga silima a Yamai kuna dariya. Ku yi dariyarku, ni ma da ita na ci abinci. Amma ku tambayi kanku wa aka matso da shi, wa aka bari nesa, daga ina akwatin yake kallo, me aka ajiye kafin me, kuma wane hannu ne ke saurin.

Bayan sallar Juma'a dattawa suka tafi gidan surukina a jere, ba don karɓar zago ba, don ba shi haƙuri. Ni kuwa aka ɗauke ni a kafaɗa daga mangaza har bakin ruwa. Wasu na cewa mutum biyu ne suka ɗauke ni kuma sun sauke ni a wajen mahauta don nauyi, amma ni da nake sama na fi su ganin yawan jama'a. A daren uwarku ta yi miyar kifi da har maƙwabta suka shigo tambayar ko suna ake. Da kaka ta yi, dorina ta shiga fadama, kakanku ne ya fara jifa, kuma bai kuskure ba.

Abin da ya biyo baya a kaina ba na ɓoyewa. Mai Ido Uku ya warke, ya sa haƙoransa, ya ɗora zarensa, ya ga ƙwaryar fura inda ya bar dorina. Ya kai ni gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. Aka karɓe wandon kaki, aka tura ni aikin hanyar Dosso ina ɗaukar marmara a ka har sai da tsayina ya ragu. Ban sake taɓa injin silima ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na ji ƙarar keken ɗinki hannuna na dama yana motsi shi kaɗai. Dorinar dai ban mayar ba. Tana cikin layar da ke hulata, kun sha ganinta kuna zaton maganin ƙarfe ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin tsofaffi. Labarin ruwan bazara da na sanyi bai wuce ƙofar mangaza ba, don ba shi da daɗin faɗi. Labarin kaza kuwa, kafin in dawo daga aikin hanya ya ƙetare kogi ya dawo.

Ranar da na dawo, na yi wanka na tafi gai da surukina, uwarku tana biye da ni. Ina tafe ina shirya yadda zan karɓi godiya cikin tawali'u, har na tanadi inda zan ce ai ba komai. Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa, na gai da yatsun ƙafarsa. Ga zago rataye a inda yake tun zamanin kakanni. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara ciwo. Can bayan danga wani yaro ya yi kukan kaza ya ruga. Sai surukina ya juya wajen 'yarsa, kamar ba na wurin, ya ce:

"Hamsa, gaya wa mijinki na gode. Amma duk dabbobin da ke cikin gwangwanin nan, bai sami ko kare ba?"